Wa Ke da Ikon Leƙa Tukunyar Wani?



Idan aka yanka rago a gidajenmu, ranar Kirsimati ko ranar wani biki, babu mai zubar da huhu. Akan haɗa shi da hanta da zuciya da tumbi a yi farfesun kayan ciki, yara su yi ta rububi. Mutanen Sikotilan, a arewacin Birtaniya, su ma haka suke. Suna da wani abinci mai suna hagis, wanda suke alfahari da shi kamar yadda muke alfahari da tuwo: sukan niƙa zuciyar tunkiya da hantarta da huhunta, su cuɗa da hatsi da albasa da kitse, su dafa a cikin tumbi. Amma tun shekarar 1971 dokar Amurka ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abincin mutum, bisa dalilin cewa a lokacin yanka ruwan ciki da majina na iya gangarawa cikinsa. Saboda haka abin da ake ci a teburin manya a Sikotilan, in aka kai shi tashar jirgin ruwan Amurka, haramtaccen kaya ne.

Tunkiyar ɗaya ce, huhun ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne hukuncin mutane. To, wa ya ba wani ɗan Adam ikon ya tsaya tsakanin ɗan'uwansa da akushinsa? Wannan tambaya ta fi ƙarfin ɗakin girki, domin cin abinci yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ran mutum. Wanda ya iya gaya maka abin da ba za ka ci ba, ya shigo har tsakar gidanka.

Waliyyi Toma Akwinas, malamin Ikilisiya na ƙarni na 13, ya koyar cewa doka ta gaskiya tsari ne na hankali, wanda mai riƙon jama'a ya kafa domin amfanin kowa, aka kuma sanar da shi. Ya ƙara da cewa dokar mutane ba ta hana kowane mugun hali, sai manyan laifuffuka, musamman waɗanda suke cutar da wasu, waɗanda in ba a hana su ba zaman jama'a ba zai yiwu ba. Da wannan ma'auni nake so mu auna hane-hanen abinci na ƙasashe. Duk inda muka ji an hana wani abinci, mu yi tambaya biyu: wa hanin yake karewa, wa kuma yake ɗaukar nauyinsa?

Mu fara da wanda ba ya bukatar doguwar muhawara. Akwai wani sinadari mai suna buromet da masu gidan burodi suke zubawa a kwaɓin fulawa domin burodi ya kumbura, ya yi fari, ya yi laushi. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka nuna cewa yana haddasa ciwon daji a ƙodar ɓeraye. Birtaniya ta hana shi a 1990, Kanada a 1994, Indiya a 2016. Nijeriya ma ta hana shi, kuma a zamanin da Dora Akunyili ta shugabanci hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, an rufe gidajen burodi da dama a kansa. Uwar da ta tsaya a bakin titi ta saya wa ɗanta burodi ba ta da idon da za ta ga buromet da shi. Ba ta da ɗakin gwaji, kuma hancinta ba zai gaya mata ba. Mai burodin ya san abin da ya zuba, ita ba ta sani ba, riba tasa ce, cutar kuwa ta ɗanta. A irin wannan wuri hukumar da ta yi shiru ta yi zunubi, gama ta bar mai ƙarfi ya ci amanar marar sani.

Sai dai kada mu ɗauka duk dokar da ta sa rigar lafiya da gaske lafiya take nema. A 1869 aka ƙirƙiro a Faransa wata bota mai araha ta masana'anta, wadda ake kira majarin, domin ta tsaya wa talaka a madadin man shanu. Masu kiwon shanun madara suka ga kasuwarsu za ta faɗi, suka ruga wurin 'yan majalisa. Kanada ta hana majarin a 1886, kuma in ban da 'yan shekaru a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa, hanin bai ɗage ba sai 1948. Wasu jihohin Amurka suka yi dokar cewa sai an rina ta da launin ruwan hoda kafin a sayar, don kowa ya ji ƙyamarta, har Kotun Ƙoli ta soke wannan a 1898. Lardin Kwibek na Kanada bai yarda a sayar da ita da launin rawaya ba sai 2008. Aljihun masu garke aka kare, matar lebura ta biya.

Wani mai hankali zai ce mini: Fada, na yarda a kare wanda bai sani ba. Amma wanda ya sani fa, ya ce yana so? Ba ransa ba ne?

Japan ta sha fama da wannan tambaya a kan wani kifi mai suna fugu, irin talibambam ɗin nan mai kumbura. Namansa abin marmari ne a wurinsu, amma a hantarsa da ƙwansa akwai dafin da yake shanye jiki har numfashi ya tsaya, kuma ba shi da makari. Akwai masu neman hantar da gangan, domin sun ce ta fi ko'ina daɗi. A 1975 wani mashahurin ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar, Bando Mitsugoro na Takwas, ya ci hantar a birnin Kiyoto, ya mutu. Hukuma ba ta hana kifin gaba ɗaya ba. Ta ce sai mai dafa abinci da ya yi horo ya sami lasisi zai fiɗe shi, kuma tun 1984 an hana sayar da hantar ko da mai saye ya roƙa. A ganina wannan hukunci ne mai hikima. An bar wa baligi kasadarsa a inda ƙwarewa za ta iya rage haɗari, an tsaya masa a inda babu abin da ya rage sai caca da rai. Mu Kirista ba mu ɗauki rai a matsayin dukiyar da mutum zai yi yadda ya ga dama da ita ba, amana ce a hannunsa. Ko wanda bai yarda da wannan ba zai yarda cewa mai cin hantar ba shi kaɗai ne a cikin lamarin ba: akwai hannun da ya miƙa masa, akwai kuma iyalin da za su yi makoki.

Akwai kuma hanin da aka yi domin abin da ake ci, ba domin mai ci ba. A kudu maso yammacin Faransa akwai wani ɗan tsuntsu mai suna otolan, bai fi gwara girma ba, mai ƙaura, wanda yakan ƙetare Sahara ya yi lokacin sanyin Turai a Afirka. Al'adar can ita ce a kama shi da rai, a kulle shi a cikin duhu yana ta cin gero har ya yi ƙiba, sa'an nan a nutsar da shi a cikin barasa ya mutu, a gasa, a cinye shi ɗungum har da ƙashi. Mai ci yakan lulluɓe kansa da mayafin tebur. Wasu sun ce don kada ƙamshi ya tsere ne, wasu kuma sun ce don a ɓoye wa Allah abin kunyar ne. An ruwaito cewa tsohon shugaban Faransa, Faransuwa Mitera, ya ci shi a daren ƙarshe na shekarar 1995, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. A 1999 Faransa ta hana farautarsa, domin yawansa ya ragu ƙwarai. Wannan mayafi ya daɗe yana ba ni tunani. Tun daga gonar Aidan, mutum in ya ci abin da lamirinsa bai kwanta da shi ba, abin rufa yake nema.

Haka kuma hantar agwagwa da ta dinya da ake yi wa ɗura: a zura musu bututu a maƙogwaro a tura masara har hanta ta kumbura ninki da yawa. Birtaniya da Jamus sun hana yin wannan ɗura, Indiya ta hana shigo da hantar a 2014, Faransa kuwa a 2006 ta sa ta a doka cikin kayan gadonta. Katekizim na Ikilisiyar Katolika ya yarda mutum ya ci dabba, ya kuma koyar cewa sa dabba ta sha azaba ko ta mutu ba tare da bukata ba ya saɓa wa darajar ɗan Adam. Kalmar da nauyi yake kanta ita ce bukata. Mafaraucin da ya kama tsuntsu don yaransa su kwana da abu a ciki, da attajirin da ya nutsar da tsuntsu a barasa don harshensa, ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Yanzu mu zo ga mafi wuya, wato abincin da ba guba a cikinsa, ba ya kuma ƙarewa a duniya, amma wata al'umma tana ganinsa mai tsarki ƙwarai, ko kuma ƙazantacce ƙwarai. Gaskiya ta wajabta mu fara da gidanmu. A shekarar 732 Paparoma Girigori na Uku ya rubuta wa Waliyyi Bonifas, mai wa'azin bishara a ƙasar Jamus, ya umarce shi ya hana sababbin tuba cin naman doki, domin a wurin kabilun can cin doki yana haɗe da hadayu ga gumaka. Dalilin kiwon rayuka ne, na wani wuri da wani zamani. Da mutanen tsibirin Aisilan suka karɓi bangaskiya wajen shekara ta 1000, sai da aka bar musu cin dokinsu tukuna, gama ƙasarsu mai sanyi ce, abinci kaɗan ne. Gumakan sun shuɗe, aka manta da dalilin, ƙyamar kuwa ta zauna a zukatan Turawa ɗaruruwan shekaru. Faransa ba ta ba mahautan doki izini ba sai 1866, kuma har yau Baturen Ingila yana yatsina fuska in an ambaci naman da Bafaranshe yake saye a kasuwa. Mu lura da wannan da kyau: sau da yawa abin da muke ji a jikinmu kamar dokar halitta, al'ada ce da ta tsufa har ta manta da mafarinta.

A Indiya saniya tana da tsarki a wurin mabiya addinin Hindu, kuma babu mai hankalin da zai yi wa wannan ba'a. Sashe na 48 na tsarin mulkin ƙasar ya umarci gwamnati ta yi ƙoƙarin hana yanka shanu, yawancin jihohi sun yi dokar hakan, jihar Gujarat kuwa a 2017 ta kai hukuncin har ɗaurin rai da rai. Jihar Kerala, inda Kirista da Musulmi suke da yawa, ba ta hana ba. Su wa suke cin naman shanu a Indiya? Musulmi, da Kirista, da 'yan ƙasƙantattun dangogi da ake kira Dalit, waɗanda a wurinsu shi ne nama mai araha, da yawansu kuma da fawa da jima suke ci da iyalinsu. A watan Satumba na 2015, a wani ƙauye kusa da garin Dadri a jihar Uttar Pradesh, taron mutane suka fasa gidan wani magidanci Musulmi da dare, suka kashe shi da duka, saboda jita-jitar cewa yana da naman saniya a gidansa. Mahatma Gandi, wanda ya girmama saniya iyakar girmamawa, ya faɗa a 1947 cewa ba zai goyi bayan a hana yankanta da doka ba, domin hakan tilasta wa waɗanda ba 'yan Hindu ba ne su bi addinin da ba nasu ba. Mutumin da ya fi kowa ƙin cin naman shi ne ya ƙi a sa wa maƙwabcinsa takunkumi.

Littafi Mai Tsarki ya san ɗaya fuskar wannan zalunci. A Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 6, muna karanta labarin Ele'azara, dattijo mai shekara 90, malamin Attaura, a zamanin sarki Antiyokus na Huɗu, wajen shekara 167 kafin haihuwar Almasihu. Sarki ya so ya shafe addinin Yahudawa, sai ya bi ta bakinsu: a tilasta musu cin naman alade. Masu tsaron da suka san dattijon suka ba shi shawara ya kawo naman da ya halatta gare shi, ya yi kamar na alade yake ci, ya tsira. Ya ƙi, domin kada matasa su ga tsoho ya yi wasa da alkawarin Allah su bi sawunsa. Aka kashe shi. Mu da muke cin alade muna girmama wannan dattijo a matsayin shahidi, kuma daidai ne. Sarkin da ya cusa wa Ele'azara nama a baki da taron da suka kashe magidancin Dadri laifinsu iri ɗaya ne, ko da yake ɗaya tilasta ci ya yi, ɗayan kuma hana ci. Dukansu sun mai da abinci sandar dukan wanda ba nasu ba.

Ina matsayinmu a cikin wannan? Ubangijinmu ya koyar, a Markus sura ta 7, cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, abin da ya shiga ciki kuwa wucewa yake yi. Bitrus ya ga wahayi a Yafa, mayafi cike da dabbobin da bai taɓa ci ba, ya kuma gane daga baya, a gidan Karniliyas, cewa maganar ta mutane ce: kada ya ƙara kiran wani ɗan Adam ƙazantacce. Duk da haka, da manzanni suka taru a Urushalima, sun roƙi al'ummai masu tuba su guji jini da abin da aka maƙure da abin da aka miƙa wa gumaka, domin su iya zama a tabarma ɗaya da 'yan'uwansu Yahudawa. Manzo Bulus kuma, wanda ya fi kowa kare 'yancin Kirista a kan abinci, shi ne ya gaya wa Korantiyawa cewa ya gwammace ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa ya yi tuntuɓe.

Firist yana cin abinci a gidaje da yawa, kuma a cikin Ikilisiya ɗaya nakan ga wanda naman kare abin marmari ne a garinsu yana zaune a benci ɗaya da wanda ko sunansa ba ya so ya ji. Na sha jin ɗaya yana yi wa ɗayan dariya a bakin majami'a, dariyar da take da ƙaya a ciki. Muna kuma zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda alade haramun ne a gare su. Ba su da ikon kashe mana wutar murhu, mu ma ba mu da ikon yi musu ba'a, balle mu ba su abin da ba sa ci a ɓoye mu ce wasa ne. Wanda ya keɓe tukunya mai tsabta domin baƙonsa Musulmi, ya kira mahauci Musulmi ya yanka masa ragon biki don maƙwabta su ci, bai rage komai daga bangaskiyarsa ba. Abin da Bulus ya koyar ke nan.

Ita kanta Ikilisiya tana da hanin abinci, kuma yadda ta tsara shi abin lura ne. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce a ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a, ga wanda ya cika shekara 14, a kuma haɗa da azumi ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau. Ba ta ce nama ƙazanta ne ba, ai da ba za mu ci ran Lahadi ba. Abu mai kyau muke ajiyewa domin tunawa da ranar da Ubangiji ya ba da jikinsa. Dokar tana kan 'ya'yanta kaɗai, ba ta aika kowa ya rufe rumfar mahauci, marar lafiya kuma an ɗauke masa.

To, ranar Juma'a da muka ajiye nama, mene ne a tukunyar yawancinmu? Wake. A nan ne wannan magana ta dawo ƙofar gidanmu. A tsakiyar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya, ta tsawaita dakatarwar a 2016, ta sake tsawaitawa a 2019. Dalili shi ne maganin ƙwari mai suna dikulobos, wato sinadarin da ke cikin abin da muke kira fiya-fiya. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ne a kowane kilo, amma a wasu buhunan an sami har miligiram 4.6, wato ninki 460. Da yawanmu mun ji haushi a lokacin, muka ce Turawa sun raina mu. Amma buhunan da aka auna a can daga rumbunan da muke saye suka fito. Baturen yana da hukumar da ta tsaya masa a bakin teku. Yaron da ya ci ƙosai da safe kafin ya tafi makaranta, wa ya auna masa?

Na san abin da ke sa ɗan kasuwa yin haka. Ƙwaro yana iya mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni, jarin mutum ya tafi. Amma wanda ya yayyafa fiya-fiya a cikin wake ya kai kasuwa yana tsaye a inda mai buromet yake tsaye: ya sani, mai saye bai sani ba. Doka ta biyar, wadda ta hana kisankai, ta shafe shi ko da jami'in hukuma bai taɓa leƙa shagonsa ba, kuma abu ne da ya kamata ya kai gaban firist a wurin furta zunubi. A cikinmu akwai manoman wake, akwai masu sari, akwai masu ajiya. Akwai kuwa hanyar da ba ta bukatar guba. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba a mazubin da iska ba ta shiga, ko jarka ko duro mai murfi, a cika shi fal a toshe. Tun 2007 ake yaɗa buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS a ƙasashen Afirka ta Yamma: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwaron yakan shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa, waken kuma ya kai wata da watanni lafiya. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, amma ana sake amfani da shi muddin ledar ba ta huje ba, kuma masu ajiya biyu ko uku a ƙungiya ɗaya ta Ikilisiya suna iya haɗa kuɗi su saya tare kafin kakar bana.